Magungunan zuciya sun sauke mini kumburi amma sun hana ni walwala: ina mafita?

Tsohon Malami, yankin Gumel:

Assalamu alaikum wa rahmatullah. Ina neman shawarar waɗanda suka san harkar lafiya, da kuma waɗanda suka ɗanɗana irin halin da nake ciki. Ni tsohon malamin firamare ne da ya yi ritaya ya koma noma da ɗan kiwon tumaki a wani ƙauye na yankin Gumel. Na daɗe da hawan jini, amma bara bayan girbin gero sai ƙafafuna suka kumbura, haki ya hana ni kwanciya sai dai in kwana a jingine da bango, har 'ya'yana suka kai ni Kano. An yi mini hoton zuciya, likita ya ce ta buɗe kuma ƙarfin bugunta ya ragu, sannan ya ɗora ni a kan ƙwayoyi huɗu waɗanda sunayensu a jikin kwali su ne Lasix, Lisinopril, Carvedilol da Spironolactone.

Alhamdu lillahi kumburin ya sace, kuma yanzu ina barci a kwance kamar kowa. Sai dai wasu matsaloli sun biyo baya waɗanda ban san su ba kafin in fara shan maganin. Akwai wani busasshen tari mai ƙaiƙayi a maƙogwaro wanda yake tsananta da dare, har iyalina suka fara tsoron ko tarin fuka ne, amma an gwada majinata ba a sami komai ba. Akwai yawan fitsari, wanda ya sa alwala ba ta zama a jikina da hantsi, kuma zuwa kasuwar Maigatari ranar Alhamis ya zama abin fargaba, domin ba kowane direba ne zai riƙa tsaya wa fasinja ɗaya a hanya ba. Idan na ɗago daga sujada nakan ga duhu ya rufe mini ido na ɗan lokaci, ga kasala da take sa in ajiye fartanya tun rana ba ta yi zafi ba. Abu na ƙarshe, wanda nauyin faɗarsa ya hana ni gaya wa kowa, shi ne nonona na hagu ya ɗan tasa kuma yana zafi idan riga ta goge shi.

Yayana ya ce in ajiye ƙwayoyin nan in koma sassaƙe, tunda a ganinsa ciwo ɗaya aka cire mini aka sa mini huɗu. Zuciyata ba ta kwanta da wannan shawara ba, amma kuma rayuwar da mutum ba ya iya noma, ba ya iya kasuwa, ba ya samun natsuwa a sallah, tana da wuyar haƙuri. Shin waɗannan abubuwa daga maganin suke, kuma akwai abin da za a iya yi ba tare da na daina sha ba?

Ma'aikacin Jinya, Dutse:

Wa alaikumus salam, Baba Malam. Allah Ya ƙara sauƙi. Kusan duk abin da ka lissafa sananne ne a wurin masu shan waɗannan magunguna, kuma kusan kowanne yana da gyara, amma gyaran a hannun likitan da ya rubuta su yake, don haka abin da zan faɗa shiri ne na abin da za ka je masa da shi.

Da farko ina roƙonka kada ka ɗauki shawarar Yaya, duk da na san ƙauna ce ta sa ya faɗa. Lasix ruwa kawai yake fitarwa, shi ya sa kake ganin aikinsa da idonka. Sauran ukun su ne suke hana zuciyar ci gaba da lalacewa, suke rage yawan kwanciya a asibiti, suke kuma tsawaita rayuwa da izinin Allah, alhali ba a ganin aikinsu. Abin da ya fi damuna a wajen aiki shi ne yadda mutane suke riƙe Lasix su watsar da sauran, sai bayan 'yan watanni a dawo da su ranga-ranga. Carvedilol musamman ba a yanke shi rana ɗaya, domin bugun zuciya na iya tashi da ƙarfi, ciwon ya dawo fiye da yadda yake.

Tarin da kake yi ya yi kama ƙwarai da na Lisinopril. Wannan magani yana hana jiki rushe wani sinadari, sai ya taru ya riƙa sosa hanyar numfashi, shi ya sa maganin tari na kemis, ko zuma da citta, ba sa kawar da shi. Abin da likitoci suke yi shi ne su musanya shi da ɗan'uwansa irin su Losartan ko Valsartan, waɗanda suke kare zuciya ta hanya makamanciya ba tare da sun tara wancan sinadari ba. Bayan musanyar tarin yakan tafi cikin mako 1 zuwa 4, ko da yake a wurin wasu yakan kai wata 3. Sai dai ka lura da bambanci: idan tarin yana zuwa da haki, yana tsananta da zarar ka kwanta rigingine, ko yana fitar da kumfa, to wannan ruwa ne yake taruwa a huhu, kuma ba a jiran ranar ganin likita a kansa. Haka nan idan ka wayi gari leɓe ko harshe ko fuska sun kumbura, kada ka sake shan Lisinopril, a kai ka asibiti nan take, domin irin wannan kumburi yana iya toshe numfashi kuma ya fi samun baƙar fata.

Maganar fitsari ta fi sauƙi. Ƙwayar Lasix takan fara aiki cikin awa ɗaya, ƙarfinta kuma ya ɗauki kamar awa 6. Idan ka sha ta bayan sallar Asuba, kafin Azahar ta gama yawancin aikinta, kuma ranar Juma'a za ka iya zaman huɗuba da alwalarka. Ranar Alhamis kuwa, ka tambayi likita ya amince maka ka jinkirta ta har ka dawo gida, matuƙar dai ba za ka wuce La'asar ba, don kada fitsarin ya koma cikin dare ya hana ka barci.

Duhun da kake gani idan ka ɗago alama ce ta jini yana sauka lokacin miƙewa. Duka ƙwayoyin huɗu suna saukar da jini, kuma idan aka haɗiye su gaba ɗaya da safe a kan yunwa, ƙarfinsu yakan haɗu a lokaci guda. Carvedilol ana shan sa ne tare da abinci, kuma likita na iya mayar da wata ƙwayar zuwa dare. Ka nemi a auna jininka kana zaune, a sake aunawa kana tsaye. Akwai kuma abin da ba a cika tunawa da shi ba: adadin Lasix da aka rubuta maka lokacin da jikinka yake cike da ruwa yana iya yi maka yawa yanzu da ruwan ya fita, balle a zafin bazara na watan Afrilu da Mayu inda gumi kaɗai yake zuƙe mutum.

Kasalar Carvedilol ta fi yawa a makonnin farko da kuma duk lokacin da aka ƙara adadinsa. Aikinsa shi ne ya rage wa zuciya gudu, kamar yadda mai huɗa yake rage wa sa sauri don ya kai ƙarshen gona bai faɗi ba. Ka koyi ƙirga bugun jijiyar wuyan hannunka na minti ɗaya. Idan ya gaza 50 kuma kana jin jiri, ka sanar da asibiti.

Kumburin nono kuwa babu abin kunya a cikinsa, aikin Spironolactone ne. A babban binciken da aka wallafa kan wannan magani a 1999, kusan namiji 1 cikin 10 ya sami irin haka, amma a binciken dai aka ga maganin ya rage mace-macen masu gazawar zuciya da kusan kashi 30 cikin 100, shi ya sa ba a saurin cire shi. Akwai madadinsa mai suna Eplerenone wanda bai cika yin haka ba, sai dai ya fi tsada kuma ba a ko'ina ake samunsa ba. Ka buɗe riga ka nuna wa likita, ya taɓa wurin ya tabbatar babu wani ƙulli dabam.

Uwargida, ƙasar Bichi:

Sannu Baba, Allah Ya ba ka lafiya. Ni ciwon zuciyata bayan haihuwa ya same ni, irin wanda likitocin Asibitin Koyarwa na Aminu Kano suka ce ya yi yawa a tsakanin matan Arewa, kuma na sha uku daga cikin magungunan da ka ambata. Abin da nake so in ƙara a kan bayanin ma'aikacin jinya ya shafi madafa ne, domin yawan Lasix da mutum yake buƙata yana tafiya da yawan gishirin da yake shiga cikinsa, kuma wannan yana hannun mai girki.

An gaya mana cewa Hukumar Lafiya ta Duniya ta ce kada gishirin babban mutum ya kai giram 5 a yini, wato bai cika ƙaramin cokalin shayi ba. Mutanenmu idan aka ce su rage gishiri sai su rage farin gishiri kawai, su ƙara dunƙule don miya ta yi ɗanɗano, alhali dunƙulen kansa yawancinsa gishiri ne. Kanwa ma haka take, tana riƙe ruwa a jiki kamar gishiri, ga ta kuma a cikin miyar kuɓewa, da wake, da ɗanwake, da kunun kanwa. Yaji, kilishi da tsire duk suna ɗauke da nasu.

Yadda muke yi a gidanmu shi ne, idan miya ta tafasa kafin a sa gishiri da dunƙule, sai a ɗebi ludayi biyu a ƙaramar tukunya a ajiye gefen murhu, a ƙara mata daddawa da albasa da tafarnuwa da ɗan citta, a bar ta ta ƙarasa dahuwa ita kaɗai. Wake kuma a jiƙa shi tun dare, sai ya dahu ba tare da kanwa ba. A makonnin farko abincin ba ya daɗi, wannan gaskiya ce, amma harshe yana sabawa. Baba, ka zauna da Inna da duk wadda take karɓar girki ka yi musu bayani da bakinka, domin mace ba ta son a ce miyarta lami ce, kuma idan ba ta san dalili ba za ta riƙa ɗan ƙarawa don tausayinka.

An kuma koya mini hawa sikeli da safe bayan na yi fitsari, kafin in ci komai. Idan nauyi ya ƙaru da fiye da kilo 2 cikin kwana 3, ruwa ne yake dawowa. Inda babu sikeli, sai mutum ya danna ƙashin ƙwaurinsa da babban yatsa ya ga ko wurin zai lotsa ya daɗe bai ciko ba.

Ina kuma jan hankalin 'yan'uwana mata da za su karanta wannan: Lisinopril da Losartan suna cutar da ɗan da ke ciki, don haka wadda take shan su ta tattauna maganar tazarar haihuwa da likita tare da maigidanta tun kafin ciki ya shiga. Sannan Baba, kada ka yarda a mayar da kai majinyacin tabarma. Ni lokacin da kowa yake ce mini zauna, kada ki ɗauki wannan, kada ki taɓa wancan, damuwa ta fi ciwon cin raina, kuma sai da na fara 'yar tafiya da sanyin safiya ƙarfina ya fara dawowa.

Manomin Rani, Auyo:

Malam, sannu da jiki. Ni ma ina shan maganin fitsarin nan da na hawan jini. A nawa ganin, ranar da mutum zai yi tafiya ya bar ƙwayar fitsarin kawai, kwana ɗaya ba zai kawo komai ba, ni haka nake yi idan zan kai shinkafa Hadejia. Idan kuma jijiyar ƙafa tana ɗaure maka cikin dare, ka yawaita cin ayaba da dabino, domin an ce maganin yana fitar da wani sinadari da suke mayarwa.

Sai dai ina so ma'aikacin jinya ya san cewa "koma wurin likita" yana da sauƙin faɗa a Dutse. Mutumin ƙauye sai ya sayar da tiya biyu ko uku ta hatsi kafin ya haɗa kuɗin mota, ya kwana a hanya ko ya yi sammako, ya bi layin kati, sannan idan ya shiga ɗakin likita jama'a sun yi yawa a waje, kafin ya tuna abin da ya kawo shi an miƙo masa takarda. Shi ya sa da yawa suke tsayawa a kemis ɗin gari. Ni yanzu ɗana nake sawa ya rubuta mini damuwata a takarda tun daga gida, in miƙa ta da zarar na zauna, kuma in tafi da kwalayen maganin gaba ɗaya a leda.

Akwai kuma maganar da Malam bai kawo ba amma na san tana damun maza da yawa masu shan waɗannan ƙwayoyi, wato raunin da mutum yake samu wajen iyali. Na san waɗanda wannan ne ainihin abin da ya sa suka daina shan magani, ko da yake ba za su faɗa ba, sai su koma wurin masu tallan maganin maza da lasifika ranar kasuwa. Ina neman bayani a kan wannan, da kuma haɗin ciwon jiki da muke saya bayan mun wuni a cikin fadama.

Ma'aikacin Jinya, Dutse:

Alhaji na Auyo, maganarka a kan wahalar zuwa asibiti gaskiya ce, kuma dabarar takarda da ledar kwalaye ita nake so Baba Malam ya ɗauka. Ba kowane abu ne kuma sai an je Kano ba: awon jini da ƙirga bugun zuciya ana yin su a ƙaramin asibitin gunduma, gwajin ƙoda kuma a manyan asibitoci.

Amma shawarar ayaba da dabino ba ta dace da Baba Malam ba. Gaskiya ne Lasix yana fitar da sinadarin fotasiyam, sai dai Lisinopril da Spironolactone suna riƙe shi, kuma shi yana shan duka biyun. Idan fotasiyam ya yi yawa a jini yana iya rikita bugun zuciya ba tare da wani gargaɗi ba. Cin dabino ko ayaba daidai misali ba laifi ba ne, yawaitawa da sunan magani ita ce matsala, kuma gwajin jini na ƙoda da fotasiyam ne kaɗai zai nuna ɓangaren da mutum yake. Ana yin sa mako 1 zuwa 2 bayan fara waɗannan magunguna ko ƙara adadinsu, sannan lokaci-lokaci. Barin Lasix na yini guda ma ya danganta da ƙarfin zuciyar mutum. Wanda hawan jini kawai yake da shi ba daidai yake da wanda zuciyarsa ta buɗe ba, don haka jinkirtawa ta fi tsallakewa.

Haɗin ciwon jiki yawanci yana ɗauke da Diclofenac, Ibuprofen ko Piroxicam, waɗanda suke sa jiki ya riƙe gishiri da ruwa, suke karya aikin Lasix, suke kuma raunana ƙoda idan sun haɗu da Lisinopril. Mai ciwon zuciya ya tsaya a kan farasitamol. Haka kuma idan gudawa da amai suka kama shi, kamar yadda yake yawan faruwa da damina, ya nemi ma'aikacin lafiya a ranar, domin a irin wannan hali akan dakatar da Lasix, Lisinopril da Spironolactone na ɗan lokaci don kare ƙoda.

Raunin wajen iyali yana iya zuwa daga magani, yana iya zuwa daga ciwon kansa, ko ciwon suga, ko fargabar da mutum yake ciki, kuma likita yana da abin da zai iya sauyawa idan an gaya masa. Maganin kasuwa kuwa ba a san abin da ke cikinsa ba, kuma an sha samun sinadarin ƙwayar Viagra a ɓoye cikin irin waɗannan haɗe-haɗe. Wanda yake shan Isordil ko wani maganin ciwon ƙirji na danginsa, idan ya haɗa su, jininsa na iya faɗuwa warwas har ya rasa ransa.

Tsohon Malami, yankin Gumel:

Na gode muku gaba ɗaya, Allah Ya saka da alheri. Na kwafe bayanan a littafi, kuma babban ɗana zai raka ni ranar da aka ba ni, da kwalayen da takardar damuwata. Uwar 'ya'yana ta riga ta ware ƙaramar tukunya. Abin da ya rage mini shi ne maganar ibada: ina jin nauyin in zauna a sahu alhali ana ganina ina tafiya da ƙafafuna, kuma ban san yadda zan yi da waɗannan ƙwayoyi ba idan azumi ya zo.

Ɗalibin Ilimi, Kazaure:

Baba, game da sallah, hadisin Imrana ɗan Husaini da Bukhari ya ruwaito ya wadatar: Manzon Allah, tsira da amincin Allah su tabbata a gare shi, ya umarce shi da ya yi sallah a tsaye, idan bai iya ba a zaune, idan bai iya ba a kan gefensa. Wanda yake tsoron faɗuwa idan ya miƙe daga sujada yana da uzuri ko da yana iya tafiya, kuma za ka iya fara raka'a a tsaye ka ƙarasa sauran a zaune, ko ka tsaya a ƙarshen sahu kusa da bango.

Game da azumi, aya ta 184 da ta 185 a Suratul Baƙara sun yi wa mara lafiya rangwame ya rama a wasu kwanaki, malamai kuma sun yi bayanin cewa wanda ciwonsa ba a sa ran warkewarsa yana ciyar da miskini a madadin kowace rana. Tantance ko azumi zai cutar da kai aikin amintaccen likita ne, domin akwai masu ciwon zuciya da jikinsu ya daidaita suke azumi bayan an mayar musu da ƙwayoyin zuwa buɗa-baki da sahur, akwai kuma waɗanda ake hana su. Ka sa wannan tambaya a cikin takardar da za ka kai, kuma ka nemi a ba ka ranar dawowa a cikin watan Sha'aban, don idan za a sauya lokutan shan maganin a gwada sabon tsarin tun kafin a ga wata.